Ganyen shayi na 'yar jaka da na zube: wanne ya fi inganci?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana shayi ce. Ana yawan cewa wai abin da ake ɗurawa cikin 'yar jakar nan mai zare, wadda mu dai Lipton muke ce mata ko wane kamfani ne ya yi ta, sharar masana'anta ce, wai ganyen kirki sai wanda ake sayarwa a zube, a gwangwani ko a awo. Wasu kuma su ce duk kanwar ja ce, kwali ne kawai ya bambanta. To ina gaskiyar take? In na zuben ya fi, da me ya fi: ɗanɗano, ƙamshi, auki ko lafiya? Sannan don shayin safe na gida mai madara, wanne ya kamata a saya, kuma nawa ake zubawa? Don Allah awo nake so, ba "ki zuba daidai misali" ba.

Ɗan Gembu:

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Batun shara dai ki ajiye shi gefe, babu mai sharo shi daga daɓe. Amma maganar tana da tushe, kuma sai an bi ganyen daga gona kafin a gane ta.

Baƙin shayi da kore duk itace ɗaya ne. Tsinka mai kyau shi ne toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa. Da zarar mai tsinka ya gangara zuwa ganye na huɗu da na biyar tare da kara, inganci ya faɗi tun daga nan, ko a jaka za a sa shi ko a gwangwanin zinariya. Ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 4.5 ne ke ba da busasshe kilo 1. A masana'anta, in baƙi za a yi, ana shimfiɗa shi ya yi yaushi na awa 12 zuwa 18, daga nan hanya ta rabu biyu.

Tsohuwar hanya ita ce murza. Inji yana murɗa ganyen a hankali, ya fasa shi ruwansa ya fito, ba tare da ya daddatse shi ba. Wannan ne ke ba da dogon ganye murɗaɗɗe irin na Darjeeling ta Indiya da yawancin na Sri Lanka da Sin. Ɗayar hanyar ita ce CTC, gajarcen murƙushe, yayyaga da dunƙule a Turance, wadda William McKercher ya ƙirƙiro a Assam ta Indiya a farkon shekarun 1930. Ganye na bi ta tsakanin gangunan ƙarfe masu haƙora, ɗaya na juyawa da gudu kusan ninki goma na ɗayar, sai su murƙushe shi, su yayyaga, su dunƙule shi ƙanana kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Bayan kowace hanya ana barin sa ya sha iska awa 1 zuwa 3, ya juya daga kore zuwa ja, kamar yadda tsagin goro ke rina in an ɓare shi an ajiye. Sai a busar da iska mai zafi har danshinsa ya koma kashi 3 cikin 100 ko kusa da haka.

Sai tankaɗe, kuma nan ne amsarki take. Kamar dai mai niƙan masara ne: akwai tsaki, akwai gari, akwai dusa. A tsohuwar hanya cikakken ganye shi ne OP, karyayye BOP, ɓarɓashi BOPF, gari kuma D. A CTC manyan ƙwayoyi BP1, sai PF1, sai PD, sai D1 wanda ya fi laushi. Waɗannan haruffa girma suke nunawa, ba daɗi ba. Ko OP ɗin da ake rubuta Orange Pekoe a kwali, babu ruwansa da lemo, sunan girman ganye ne. Abin da ke shiga 'yar jaka yawanci PF1 ne da PD da D1. A Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi waje, da gangan ake saita inji ya ba da PF1 mai yawa, domin shi masu ɗura jaka ke nema a gwanjon Mombasa. Ke nan ba ragowa ba ne, shi ne ainihin kayan. Garin da aka yi da toho ya fi cikakken ganyen da aka yi da tsohon reshe. Mai arha na ƙasa shi ne mai dusa, wato zaren kara da jijiyar ganye, ja-ja mai haske kamar ƙaiƙayi, wanda ba ya ba da komai sai nauyi.

Me ya sa sai ƙanana ake sa wa jaka? Na ɗaya, injin ɗuri da cika yake awo, yana son abin da zai zuba sumul kamar yashi. Na biyu, cikakken ganye yana kumbura ninki biyu zuwa uku a ruwa, a matsattsiyar jaka ba zai buɗe ba. Na uku, mai saye yana son ya ga ja cikin minti ɗaya. Ita jakar ma ba don inganci aka yi ta ba. Labarin da ya shahara shi ne wani ɗan kasuwar New York, Thomas Sullivan, ya riƙa aika samfur cikin ƙullin siliki wajen 1908, masu karɓa suka riƙa tsoma shi haka nan. Ingila kanta sai 1953 kamfanin Tetley ya kai mata.

Abin da ƙanƙanta ke jawowa biyu ne. Duk lokacin da aka raba girman ƙwaya biyu, fuskar da ke haɗuwa da iska da ruwa ta ninka. Saboda haka ƙamshi, wanda mai ne mai tashi, yana gudu da wuri tun a kwali. A ruwa kuma komai yana fita lokaci guda: launi, ƙarfi da bauri. Cikakken ganye yana saki ne daki-daki, ƙamshi da zaƙi-zaƙi su riga, bauri ya biyo baya, shi ya sa ake iya tsayar da shi inda ake so, a kuma sake zuba masa ruwa sau biyu ko uku. Gari kuwa zubi ɗaya ya gama bayar da abin da yake da shi.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: yawancin baƙin ganyen da ake sayarwa a zube a kasuwanninmu shi ma CTC ne. Shayin Highland na Kakara a kan tsaunin Mambila, jihar Taraba, da na Kenya da ke cika kasuwannin Masar da Pakistan, duk 'yan wannan gidan ne. Ki farke jaka ki zuba a farin faranti kusa da na zuben. In duka ƙwayoyi ne dunƙulallu, bambancin girma ne kawai, kina biyan kuɗin takarda da zare ne.

Abu Sumayya:

Malam Ɗan Gembu ya yi bayani, Allah ya saka. Sai dai kada a karanta a ɗauka cewa dogon ganye shi ne ya dace da kowa. Tambayar Hajiya shayi mai madara ce, kuma a nan CTC ya fi, ko a jaka ko a zube. A zuba wa Darjeeling mai tsada madara cokali uku da sukari, an yi asarar kuɗi, domin ƙamshinsa siriri ne, madara za ta binne shi, a samu tsararo fari. Haɗin kauri yana son ganye mai ƙarfi da bauri da zai tsaya wa madara. Dogon ganye na ruwan bunu ne, wanda za a sha da ɗan sukari ko babu.

Ga awon. Giram 2 zuwa 2.5 ga ruwa mililita 200. 'Yar jaka mai zare yawanci giram 1.5 zuwa 2 ce a ciki, ki raba nauyin da aka rubuta a kwali da yawan jakunkuna za ki gani. Kofunan silba da manyan kofunan tangaram na gidajenmu kuwa suna cin mililita 350 zuwa 400. To jaka ɗaya a wannan kofi rabin abin da ake buƙata ce. Sai shayi ya fito lami, sai a bar jakar minti goma, a matse ta da cokali, a samu ruwa mai bauri mara ƙamshi, a ce jaka ba ta da kyau. Ƙa'idar ita ce in ana son ƙarfi a ƙara ganye, kada a ƙara lokaci.

Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce. Ita tana son giram 5 don ruwan bunu, giram 6 zuwa 7 in za a sa madara, wato jaka uku. In na zube ne CTC, ƙaramin cokali a shafe yana ɗaukar kusan giram 2, sai a sa uku. Dogon ganye ba shi da nauyi, cokali ɗaya bai fi giram 1 zuwa 1.5 ba, shi ya sa masu sabon shiga ke cewa ba ya ja, alhali rabin awo suka zuba.

Lokaci kuma gwargwadon girma: jaka da gari minti 2 zuwa 3, manyan ƙwayoyi da karyayyen ganye 3 zuwa 4, cikakken ganye 4 zuwa 5. Ruwa ya tafasa sosai, a zuba shi a kan ganyen nan take, ba a tsoma jaka a ruwan filas na jiya ba. A fara ɗauraye kofin ko butar da ruwan zafi, musamman da hunturu, domin kofi mai sanyi yana iya sace digiri goma. A rufe da faranti. Masu zama Jos su ƙara kula da wannan, can ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 saboda tudu. Madara sai an cire ganye. In aka kwaɓa madarar gari tukuna aka tsoma jaka, zafi ya ragu.

Kayan ƙamshi ba a haɗa su lokaci ɗaya da ganye. Citta, kanumfari, kirfa, masoro da kimba su tafasa su kaɗai minti 10, a sauke, a zuba ganye, a rufe minti 3, a tace. Na'ana'a a ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa, a gida da teburin mai shayi, shi ne barin ganye cikin tukunya a kan wuta ko cikin filas har rana ta ɗaga. A tace kafin a ɗura a filas.

Wani lokacin ma laifin ruwa ne. Ruwan burtsatse mai ƙarfe yana haɗuwa da sinadarin tanin, wato mai sa bauri a ganyen, ya mai da shayi baƙi-ƙirin, ya sa masa ɗanɗanon tsatsa. Ruwa mai gishirin ƙasa, wanda ke barin farin ƙanzo a gindin buta, shi ke sa yana a saman kofi kamar mai. Ɗigon lemun tsami yana kashe yanar, ya kuma washe launin. Ruwan famfo mai warin magani a tara shi ya kwana a buɗe.

In kina son hukunci na adalci, ki yi yadda masu ɗanɗana na kamfani ke yi bisa ƙa'idar ISO 3103: giram 2 ga mililita 100, tafasasshen ruwa, minti 6, a farin kofi. Ki farke jakar ki auna daidai da na zuben. Zai yi ɗaci, da gangan ne, don aibi ya fito. Ki dubi jiƙaƙƙen ganyen: mai kyau ja ne mai haske kamar sabuwar tagulla, tsoho ko wanda ya wuce shan iska baƙi ne dusu-dusu. Ruwan ma mai kyau yana ƙyalli, da zobe ruwan zinariya a gefen kofi.

Maman Hanif:

Kai, na gode ƙwarai. Ashe matsalar daga kofi take. Saura biyu: me ya sa koren shayi na jaka ke da ɗaci kamar maɗaci, alhali masu ataya suna dafa nasu a kan gawayi su sha da daɗi? Sannan da gaske ne akwai roba a jikin jakar?

Ɗan Damagaram:

Hajiya, batun kore ki bar mana. A fada, wato majalisar masu shan shayi, daga Damagaram har Agadas, ba za ki ga an sa jaka a buta ba, kuma ba don al'ada kawai ba.

Koren shayi shi ne wanda ba a bari ya sha iska ba, ana tsinkowa ake gasa shi don a tsayar da rinar. Sinadaran bauri na nan yadda suke, sun fi na baƙi kaifi. To a niƙa wannan ya zama gari, a sa a jaka, a kwara masa ruwa mai digiri 100, cikin minti ɗaya duk ɗacin ya fito. Kore a jaka shi ne inda tazarar inganci ta fi faɗi, ya fi na baƙi nesa. In dole shi za a sha, ruwa digiri 75 zuwa 80, minti 1 da rabi zuwa 2, kada a matse. Ba sai da ma'auni ba: kashi uku na tafasasshen ruwa, kashi ɗaya na ruwan randa, ya ba ki kusan 80.

Ganyen ataya daga Sin yake zuwa, iri biyu. Akwai dunƙulalle kamar harsashin bindigar toka, wanda ake rubuta wa 3505, akasarinsa daga lardin Zhejiang. Akwai lanƙwasasshe siriri kamar gira, mai lambobi irin 9371 da 4011 da 41022. Lamba kaɗai ba hujja ba ce, kowa na iya bugawa a kwali. A zazzage a tafin hannu. Dunƙulen ya zama ƙanana, matsattsu, masu sheƙi, girmansu ɗaya. Manya sako-sako tsohon ganye ne. In gindin kwalin gari ne da karare masu launin rawaya, a canza kamfani.

Dafawa: 'yar buta mai cin finjali biyar zuwa shida, ganye finjali ɗaya, wato kamar ƙaramin kwalin nan na giram 25. A zuba masa ruwan zafi finjali ɗaya, a girgiza, a zubar, ƙura ta tafi dunƙulen ya fara buɗewa. A cika ruwa, a ɗora a gawayin da ya zama garwashi, ba mai harshe ba, ya yi ta ɓararraka a hankali minti 15 zuwa 20. A sa sukari finjali ɗaya ko ƙasa da haka, a yi ta juyawa daga buta zuwa finjali daga sama har kumfa ta tsaya. Kumfar daga wani sinadari ne na ganyen mai kama da sabulu, sukari ke ba ta jiki, juyawar kuma tana huce shi tana rage kaifinsa. Na biyu a ƙara ruwa a kan ganyen nan, da sukari da na'ana'a, minti 10 zuwa 15. Na uku haka, ya fi sauƙi da zaƙi.

Kin ga amsar: ataya ma tana da ɗaci, amma ɗaci ne da aka shirya masa sukari da ƙaramin finjali. Kuma zagaye uku ba ya yiwuwa sai da ganyen da ke warwarewa a hankali. Jaka a kan wuta fashewa za ta yi, ko ba ta fashe ba, na ɗaya zai kwashe komai, na biyu ruwan sukari ne. Wanda bai saba ba kada ya sha na ɗaya da wofin ciki, yana tayar da zuciya ya sa rawar hannu.

Hajiya Mai Kanti:

Malamai duk kun yi maganar ganye, ba ku taɓa inda aka fi yin asara ba, wato tsakanin masana'anta da kofi. Ni a ganina jaka rufaffiya da kyau ta fi ganyen zube da ya yi wata uku a buɗaɗɗen buhu ko kwano a kasuwa, komai asalinsa.

Busasshen shayi mayen danshi ne da wari. Ya fito da danshi kashi 3, in ya kai 7 ko 8 ƙamshi ya tafi, in ya wuce haka sai fumfuna. Da damina kwana kaɗan ya isa. A kanti kuma in an jera shi kusa da sabulu, omo, turare, kananzir ko daddawa, sai ya kwashe. Jaka ta fi saurin kamuwa saboda gari ce kuma takarda ba ta tare komai. Saboda haka a dubi rufin. Mafi kyau wadda kowace jaka ke cikin ambulan ɗinta mai gwangwani-gwangwani a ciki, a liƙe. Sai wadda duka ke cikin leda mai sheƙi ɗaya a liƙe. Ambulan na takarda zalla ado ne. Wadda ake ɓarewa a sayar ɗai-ɗai a tebur, a rana, ita ce ta ƙarshe.

A gida: gwangwani mai murfi mai kamawa, wankakke, busasshe, wanda bai taɓa ɗaukar yaji ba. Ba kwalbar gilashi a taga ba, haske na kashe shi. Ba saman murhu ba. Kada a sa a firji, da yanayin wutarmu yana sanyi yana hucewa, raɓa ta taru a ciki. Cokali busasshe kullum. Baƙi a liƙe yana kai shekara 1 zuwa 2, in an buɗe a ƙarar cikin wata 3 zuwa 4. Kore ya fi saurin mutuwa, a sayi kaɗan-kaɗan. A duba ranar da aka yi shi, ba ranar lalacewa kaɗai ba, da lambar NAFDAC.

Na zube kuma shi ya fi sauƙin algus, tunda ba shi da suna a jiki. Ana iya busar da wanda aka riga aka dafa a rina shi a gauraya. Gwajin: a jiƙa farar takarda ko farin ƙyalle da ruwan sanyi, a barbaɗa ganye. Na gaskiya sai ya jima kafin ya ba da launi kaɗan mai ruwan ƙasa. Rinanne nan take zai yi ɗigo-ɗigon ja, rawaya ko ruwan lemo masu bazuwa. A kofin ruwan sanyi ma za a ga zaren launi na gangarowa tun kafin a motsa. A murza a yatsu: ya yi ƙaras ya fashe, in ya lanƙwashe ya sha danshi. A hura masa numfashi a tafin hannu a sansana, in warin tsohon kwali ko rumbu ya fito, a bar shi. A bi ta kansa da maganaɗisu, wani lokaci akan samu ɓarɓashin ƙarfe daga haƙoran inji. Mai son na Sri Lanka na ainihi ya nemi tambarin zaki mai riƙe da takobi, ba a sa shi sai ga wanda aka ɗura a can ba tare da gauraye da na wata ƙasa ba.

Auki kuma lissafi ne mai sauƙi. Kwalin jaka 25 giram 50 ne in kowace giram 2 ce. Kilo ɗaya na zube daidai yake da jaka 500, wato kwali 20. A raba kuɗin kowanne da giram ɗinsa. Kusan kullum CTC na zube ya fi arha, shi ya sa ya fi dacewa da gida mai yawa da mai shayi. Amma hannu ya fi inji ɓarna, mai zubawa da ka yana iya cinye ribar. A ajiye cokali ɗaya na awo a cikin gwangwanin.

Ɗan Gembu:

Hajiya Mai Kanti ta faɗi gaskiya a kan ajiya, na karɓa. Saura batun roba, kuma e, akwai, amma ba a kowace ba.

Takardar jaka ana yin ta ne da zaren abaka, wata 'yar'uwar ayaba da aka fi nomawa a Filifin, a haɗa da niƙaƙƙen itace. Wadda gefenta ke da zanen matsi zagaye, mai kusurwa huɗu ko mai da'ira mara zare, da zafi aka liƙe ta, kuma abin da ke narkewa ya liƙe siririyar roba ce da aka saƙa cikin takardar. Wasu kamfanoni sun koma irin da ake yi da sitacin masara. Wadda aka ninke aka ɗaure da zare ko aka danne da ɗan ƙarfe, mai aljihu biyu, yawanci ba ta buƙatar wannan liƙi. Sai masu siffar dala masu sheƙi kamar siliki: da yawansu roba ce zalla, nailan ko irin ta gorar ruwa. Abin dariya, su ne suka fi tsada kuma su ne ke ɗauke da ganye mafi kyau, domin suna da filin da zai buɗe.

A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun jiƙa irin waɗannan na roba zalla a ruwa mai digiri 95, suka ba da rahoton ɓarɓashin roba kusan biliyan 11.6 daga jaka ɗaya, ban da waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Daga baya masana a hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus sun soki hanyar ƙirgar, suka ce adadin ya yi yawa ƙwarai. Binciken bai shafi ta takarda ba. Mai son ya san tasa ya zazzage ganyen, ya busar da jakar, ya kusantar da ita ga ashana: takarda toka take zama, roba kuwa tattarewa take yi ta dunƙule da wari. Mafita mai sauƙi ita ce a farke a zuba a buta, a tace da matacin ƙarfe mara tsatsa. Matacin roba a ƙarƙashin tafasasshen ruwa an gudu ba a tsira ba ne. Ga dogon ganye a nemi mataci mai kamar kwando da ke zama a bakin kofi, ƙaramin ƙwallon nan mai sarƙa matse ganye yake yi kamar jakar.

A ɓangaren lafiya bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Kofin baƙin shayi yana ɗauke da sinadarin kafeyin miligiram 40 zuwa 50, gari ya fi saurin sakin sa. Maganar cewa a tsoma daƙiƙa 30 a zubar don a cire shi ba ta da ƙarfi, kaɗan ne ke fita, ƙamshin ne ke tafiya. Tsohon ganye ya fi toho tara sinadarin fuloraid, irin wanda ake sa wa man goge baki, to mafi arha ya fi yawansa, abin lura ga mai shan lita-lita kullum. Wanda ya fi shafar gidajenmu shi ne tanin, na jaka da na zube duka, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake, ganye da hatsi. Mai ciki, mai shayarwa, yara da mai ƙarancin jini su ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma kada a kora maganin ƙarin jini da shi.

Abu Sumayya:

Ƙari ɗaya ga mai niyyar farke jaka. D1 da PD suna ratsa matacin gida na yau da kullum, su taru a gindin kofi, su ci gaba da sakin bauri ana cikin sha. Bayan minti 2 da rabi a bar butar ta natsu daƙiƙa 30 ba motsi, a tsiyaye a hankali, a bar cokali biyun ƙarshe a ciki. Ko a shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi a kan matacin, wanda ba a wanke da sabulu mai ƙamshi ba. In za a sayi na zube don shayin safe, Maman Hanif, ki nemi BP1 ko PF1, mai ƙwaya baƙa mai girma ɗaya, ba ja-jan zare a ciki, ki fara da giram 250 ki gani ko zai ƙare cikin wata biyu.